Hular Fitilar Ƙofar Gidanmu

Ni na cire ta da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Hular fitila ce ta ƙarfe, faɗinta ya kai na faifai, bayanta kore, cikinta fari fat, da irin fentin nan mai santsi na kwanukan langa na da. Tana manne a bakin wani lanƙwasasshen bututu a saman ƙofar zauren gidanmu a Funtua tun kafin in yi wayo. Baba ba ya ce mata hula, malafa yake cewa. Idan damina ta wuce sai ya kafa tsani ya hau da tsumma da ruwan sabulu, ya wanke ta, ya kwashe matattun ƙwarin da suka taru a wuyanta, ya sauko yana mitar gwiwarsa.

Baba makanike ne a kamfanin gurzar auduga, can ya yi ƙuruciyarsa har furfura ta fito masa. Ya ce wata shekara aka sauya fitilun harabar kamfanin, aka tara tsofaffin a bayan sito, shi kuma ya je ya roƙi manaja guda ɗaya aka ba shi. Shi ya lanƙwasa bututun, shi ya ja wayar. Aikin hular shi ne ba ta barin haske ya watsu sama ko gefe. Tattara shi take yi ta zubo shi ƙasa, ya zama da'ira guda mai ruwan ɗorawa, wadda ta rufe dakali da matakala biyu da ɗan kwalbatin da ke kan kwata. Idan ka fito daga masallacin unguwarmu ka juyo, ba ka ganin ƙwan fitilar, sai wannan da'irar kwance a ƙasa. Da wutar lantarki ta zama sai an ga dama ake kawo ta, ƙanwata da ke aure a Kaduna ta sayo ƙaramin faifan sola da batir, aka haɗa wa wannan fitilar ita kaɗai, domin abin da Baba ya roƙa ke nan. Bai ce a haɗa wa ɗakinsa ba. A lokacin ban tambayi dalili ba.

Ni malamin gona ne, aikina a Malumfashi, can nake zaune da iyalina. Duk Juma'a nakan zo gida in gaishe su in koma. Shekarar da abin ya faru, idon Baba ya matsa masa, ƙanwata ta zo ta tafi da shi Kaduna aka yi masa aiki a asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi na gani ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage. Aka ce ya zauna wajenta mako shida saboda zuwa dubiya.

A cikin waɗannan makonnin ne na ga dama ta samu in yi masa abin da zai faranta masa rai. Kaka ta yi kyau, na sayar da waken suya, na kira magina. Aka yi wa gaban gidan sabon shafen siminti da fenti, aka cire tsohuwar ƙofar katako aka sa ta ƙarfe. Na sayo dogayen fitilu biyu farare irin na zamani, masu haske kamar rana. Ranar da mai gyaran wuta ya zo, ya ce tsoron tsanin yake yi, ni na hau na kwance hular. Gefenta ya ɗan ɓantare, tsatsa ta fara ci daga inda ƙusa ta riƙe ta. Na jefa ta a kan tarin tsofaffin kwanon rufi da aka cire. Inna tana tsaye daga cikin zaure, ta leƙo, ta ce, "Har da ita?"

Na ce, "Ta tsufa, Inna."

Ba ta ƙara magana ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta ja magana da ni a gaban baƙi. Washegari 'yan jari bola suka zo da kurarsu, na ce su kwashe komai su share wurin.

Baba ya dawo ana la'asar. Ya sauko daga mota sanye da baƙin tabarau, ya tsaya, ya shafa sabuwar ƙofar da tafin hannunsa daga sama har ƙasa, ya ce Allah ya yi albarka, ya ce waldar ta yi kyau. Raina ya yi fari. Da aka kira magariba na raka shi masallaci, muka yi salla, muka fito. Na riga na gaya wa Inna ta kunna fitilun kafin mu dawo. Muna juyowa sai ya tsaya cak, ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa.

"Mota ce ta tsaya a ƙofar gidan?"

Na ce a'a, sababbin fitilu ne na sa.

Can ya ce, "Ina malafata?"

Na gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce to, ya miƙo mini hannu, abin da bai taɓa yi ba, na riƙe shi har cikin gida. Na koma Malumfashi ina ce wa kaina zai saba.

Kwana uku bayan haka Inna ta sa maƙwabcinmu ya kira ni a waya. Baba ya faɗa kwata yana dawowa daga sallar isha'i. Ya kuskure kwalbatin da taku ɗaya, ƙaurinsa ya tsage, wuyan hannunsa ya goce. Da na iso na tarar an ɗaure hannun, yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Inna ta kira ni bakin murhu, tana tura itace ba ta kallona, ta gaya mini abin da ya kamata a ce na sani tuntuni. Shekara biyu ke nan Baba ba ya gane fuskar mutum, da murya yake gane kowa. Da rana yana lallaɓawa da inuwar abubuwa. Da duhu kuwa, abu ɗaya kawai yake gani daga masallaci, wannan da'irar ta ƙasa. Ita yake nufa, idan ƙafarsa ta shiga cikinta ya san kwalbati na gabansa. Fitilun da na sa kuwa idonsa suke soka kai tsaye, komai ya koma fari, ba ƙasa ba sama.

Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba ranar da nake cirewa.

Ta ce, "Ya hana ni gaya wa kowa. Kuma ga mutane." Ta gyara tukunya. "Da dare na so in fita in ɗauke ta in ɓoye, sai na ce da safe. Da safe kuma na ji ƙarar kura."

A ranar na cire fararen fitilun. Na mayar da tsohon bututun, wanda Allah ya sa ba a tafi da shi ba, na sa ƙwai mai ruwan ɗorawa. Amma ƙwai tsirara shi ma ido yake soka. Baba ya gwada sau ɗaya, bayan hannun ya warke, ya tsaya a bakin zaure ya dawo. Daga nan magariba da isha'i da asuba suka koma ɗaki. Maƙwabcinmu ya ce zai riƙa jan sa, Baba ya ce ya gode, bai kai nan ba tukuna.

Na fara nema daga inda 'yan jari bola ke kai kayansu, wani fili a bayan gari ta hanyar Zariya. Ƙarafa tsibi-tsibi, tsofaffin gadaje, bakin garma, ƙofofin mota. Mai wurin ya saurare ni da kyau, har ya sa aka kawo mini benci. Da na ce masa an yi wata guda da kawowa sai ya girgiza kai.

"Malam, kayan da suka kwana bakwai a nan sun daɗe. Tirela ke zuwa ta kwasa. Yanzu haka ta zama rodi, tana cikin ginin wani."

Duk da haka ya bar ni na yi tono. Na yi awa biyu, na yanke a yatsa, na fito da murfin tukunya guda uku da wani abu da na ɗauka ita ce, ashe fitilar babur ce.

Na bi shagunan kayan wuta na kasuwar Funtua ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da hotonta, sai kwatance da hannu. Wasu su ɗauko mini ta roba, wasu ta gilashi mai zanen fure. Wani ya ce ai wannan kayan zamanin Turawa ne, in je gidan tarihi. Wani mai shago, Ibo ne haifaffen garin, ya gane abin da nake nufi tun ban gama ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotuna, ya ce yanzu masu kuɗi a Legas da Abuja irin su suke sa wa a gidaje, sababbi ne amma an ƙera su kamar tsofaffi. Na ga wata koriya. Na ce a kawo. Bayan mako uku ya kira ni. Da ya buɗe kwalin, shi kansa sai da ya yi tsaki. Ba ta fi murfin kwanon sha ba, gwangwani ce sirirya da za ka lanƙwasa da yatsa biyu, cikinta kuma baƙi. A hoto ne kawai take da girma.

Sai na yi tunanin a ƙera. Na sayi babban kwanon langa sabo, na kai wa wani maƙeri mai yin bokiti da mazurari, ya huda gindinsa. Wajen hudawar fentin ya tsattsage ya zuba. Duk da haka na kai gida na miƙa wa Baba. Ya juya shi a hannu, ya bi bakinsa da yatsa.

"Wannan ai kwanon tuwo ne, malamin gona."

Ya yi 'yar dariya, ita ce ta farko da na ji tun faɗuwarsa. Ya ce zurfinsa ya yi yawa, zai matse hasken ya zama kamar na tocila, ba zai kai kwalbati ba. Na ɗaura don in gani da idona. Haka kuwa aka yi. Kwanon ya koma wajen kajin Inna.

Bazara ta shigo, zafi ya yi tsanani, aikina ya ƙaru saboda rabon iri. Duk ƙauyen da na shiga, bayan an gama maganar taki da irin masara, sai in kawo zancen hula. Har manoma suka san ni da ita. A Gozaki wani dattijo da ya yi dakon auduga a zamaninsa ya ce ya san irinta sarai, akwai guda a tsohuwar rumfar awon auduga a wani ƙauye gaba da Dandume, ya gan ta da idonsa shekarar da ya je biki. Bai tuna ko wace shekara ba ce.

Matata ba ta so tafiyar ba. Hanyoyin wajen ba a bin su da yamma a 'yan shekarun nan, kowa ya san dalili. Na tashi da sassafe ran Asabar, na bar mota a Dandume na hau ɗan acaɓa. Muka yi ta ratsa gonaki da aka share ana jiran ruwa, wasu kuma ba a share ba, ciyawar bara na tsaye a cikinsu, masu su sun koma gari. Mai babur ɗin bai yi mini hira ba, idonsa na kan daji. Rumfar tana nan, rabin rufinta ya tafi, awaki na kwance a inda sikeli yake a da. A jikin ginshiƙin gaba ga bututu a lanƙwashe kamar namu, ga hula a bakinsa. Na tsaya ina kallonta. Na nemi mai unguwa, ya ce in ɗauka, ba ta kowa ba ce. Aka kawo turmi na taka. Tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Ina kama ta sai yatsana ya shige, ashe tsatsa ta cinye ta gaba ɗaya, fentin ne kawai ke riƙe da siffar. Ta ruguje a hannuna, garinta ya zubo mini a fuska. Mai babur ya ce, "Malam, mu kama hanya, rana na yi."

A wannan lokacin Baba yana ta raguwa. Ba ciwo ba ne da za a kai asibiti. Abokan hirarsa na bayan magariba, waɗanda suke zama a dakalinmu, sun zo ɗaki sau biyu sau uku, sannan suka koma dakalin wani. Ba don mugunta ba, ɗakin ne da zafi. Ya zama daga tabarma sai rediyo. Abincinsa ya ragu. Wata Juma'a ina yanke masa farce, ya ji tabon da ke yatsana, ya tambaya, na gaya masa har da tafiyar Dandume. Ya janye hannunsa.

"Kada ka sake bin hanyar nan saboda kwano. Kana da 'ya'ya."

Na ce ni na jawo.

Ya ce, "Gyara ka yi nufi. Na sani." Ya miƙo ɗaya hannun. "Ƙofar ta yi kyau, kowa ya faɗa."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

Inda na same ta kuwa, tafiyar minti biyar ce daga ofishinmu a Malumfashi. Akwai wani tsohon shagon kayan gini da na sha wucewa, na wani Bayarabe da ya zo garin tun yana saurayi. Ya rasu a shekarar da ta gabata, 'yarsa ke riƙe da shagon, mace mai kimanin shekaruna, a garin aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Na shiga neman kan famfon feshi, na tarar ana ta fito da kaya daga sito ana jerawa a ƙasa, makullai, fatanya, tsofaffin fitilun ƙwai, gwangwanayen fenti da suka bushe. Ta ce tashi za ta yi, 'ya'yanta sun matsa ta koma kudu wajensu.

Na riga na saba da tambayar har ba na sa rai. Na yi mata kwatance da hannu kamar yadda na yi wa mutum ɗari. Sai ta shiga ciki. Na ji tana jan kwalaye. Ta fito da abu a naɗe cikin takardar siminti da ta yi ja don tsufa, ta ɗora a kan kantar shagon ta warware.

Shuɗiya ce, ba koriya ba. Ban da wannan, ita ce. Faɗin, nauyin, farin cikin, har da ɗan baƙin layin da ya zagaye bakinta. Ba a taɓa ɗaura ta ba.

Ta ce, "Babana ya sayo su dozin guda ina 'yar firamare, wai za a gina gidan mai a hanyar Kano. Ba a gina ba. Ya yi ta sayar da su ɗaya-ɗaya, wannan ta faɗa bayan kantar kaya, sai jiya na gan ta. Da ka zo jibi da ta bi 'yan gwangwan."

Na zauna a kan buhun ƙusa. Ta kalle ni, ta sa aka ba ni ruwa, ta tambaya ko lafiya. Na ba ta labari, ban san dalilin da ya sa na ba ta shi duka ba, har da yadda na jefa waccan a kan tarin kwano. Ta saurara tana naɗe hular.

"Nawa baban ma idonsa ya tafi kafin ya rasu," in ji ta. "A nan yake zama, a kujerar can. Idan an zo sayen abu sai ya gaya mini kanta ta nawa, layi na nawa, bai taɓa kuskure ba. Ranar da na gyara shagon na sauya wa kaya wuri, kwana biyu bai ci abinci ba." Ta ɗaure takardar da igiya. "Ba a gaya mana waɗannan abubuwan, Malam, sai mun yi."

Na tambaye ta ko tana murnar komawa gida. Ta ce wane gida, can ɗin Bahaushiya suke ce mata, ko doyarsu ba ta iya ci kullum. Kabarin iyayenta duka biyu a nan yake. Na biya abin da ta faɗa, ban taya ba. Bayan mako biyu na wuce na ga shagon a rufe, an fara yi masa fenti za a sa kantin magani.

Ban jira Juma'a ba. Na ɗauki izini na kama hanyar Funtua da azahar, hular na kan kujerar gefena, ga hadarin farkon damina yana haɗuwa ta gabas. Na tarar da Baba zaune a kan tabarma. Na warware na ɗora masa a cinya. Ya shafa bayanta, ya juya ta, ya bi bakin da yatsa har ya zagayo. Sannan ya ɗaga ta kusa da kunnensa ya ƙwanƙwasa da farce. Ta yi ƙara siririya mai tsawo.

"Wannan ta gaske ce," ya ce. "A ina?"

Na gaya masa. Na ce amma shuɗiya ce.

"Bayan ba ruwana da shi. Cikin fari ne?"

Na ce fari fat.

Ya ce a fito masa da kujera ƙofar gida. Rabonsa da zama a wajen ya fi wata huɗu. Na kafa tsani na hau, shi kuma yana ƙasa yana ba da umarni kamar yana cikin kamfani. Ya ce in yanko robar tayar keke in sa tsakanin wuyan hular da bututun saboda ruwa. Ya ce kada in ɗaure ƙusoshin nan uku ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, in riƙa zagayawa kaɗan-kaɗan, in ba haka ba fentin zai fashe. Ya ce in karkata ta wajen titi da kaurin yatsa biyu. Da na ce na gama, ya ce in girgiza bututun ya ji, na girgiza, ya ce akwai sako-sako, in ƙara. Maƙwabcinmu ya fito ya tsaya, wasu mutum biyu daga cikin tsofaffin abokan hirarsa suka tsaya su ma. Baba har da ba su labarin injin da ya taɓa kwancewa shi kaɗai cikin kwana biyu. Inna na jin mu daga zaure. Wannan sa'a guda ita ce mafi daɗi da na samu a shekarar.

Da aka kira magariba ya ce a ba shi hular kansa da sandarsa. Na riƙe shi muka je masallaci, mutane suna ta yi masa barka da fitowa. Muka idar, muka fito, na tsayar da shi a daidai inda ya saba juyowa, na saki hannunsa. Da'irar tana nan kwance a ƙasa, ta rufe dakali da matakala da kwalbati, kamar ba a taɓa ɗauke ta ba. Na kalli fuskarsa. Ya cire tabarau, ya buɗe ido sosai, ya juya kai dama kaɗan, ya dawo da shi hagu. Ya daɗe a haka.

Sannan ya ce, "Ka ce mata ta kunna mana."

Ban iya ba shi amsa ba. Maƙwabcinmu da ke bayanmu ya sunkuyar da kai ya wuce. Baba ya ji shirun, ya gane. Ya mayar da tabaransa a hankali, ya laluba ya sami kafaɗata ya ɗora hannu.

"Mu je, ruwa zai sauko."

Da muka koma asibiti a Kaduna, likita ya ce dama can ganin tafiya yake yi, da fitila da babu fitila, watannin nan ne suka ƙarasa shi. Ƙanwata ta riƙa maimaita mini wannan maganar a hanya don in ji sanyi. Na san gaskiya ce. Amma na kuma san watanni huɗun ƙarshe da idonsa ke iya kai shi masallaci da ƙafarsa, a ɗaki ya yi su, kuma ni na sa. Hular tana nan a inda na ɗaura ta. Baba bai sake tambayar ta ba, ni ma ban sake kawo zancenta ba.

Bayan wannan ya yarda a riƙa jan sa, amma ni kaɗai, ranar Juma'a. Sauran kwanaki yana ɗaki. Cikin watan da masara ta fara kai ƙugu, wata Juma'a bayan an sauko, ya ce in kai shi gonarsa ta hanyar Bakori. Inna ta ce ƙasa a jiƙe take, ya ce ya sani. Na tsayar da mota a bakin hanya, muka taka a hankali, takalmansa suna nutsewa. Ya tsaya a kunya ta farko, ya kama ganyen masara ya murza, ya sunkuya da ƙyar ya taɓa gindinta, ya ɗebi ƙasa ya shinshina. Ya tambaye ni launin ganyen ƙasa-ƙasa, na ce sun fara yin ruwan ɗorawa kaɗan. Ya ce taki na biyu ya makara da mako guda, wane irin malamin gona ne ni. Na ce za a zuba gobe. Ya ce a bar kunya shida ta gefen rafi, a nan ruwa ke kwanciya, asarar taki ce.

Muka tsaya, yana jin iska a cikin ganye. Ya tambaya ko gonar maƙwabcinsa ta yamma an noma ta bana, na ce a'a, 'ya'yan sun sayar, an kafa tubali. Ya gyaɗa kai. Ya ce ƙafarsa ta gaji.

Ya rasu kafin masarar ta bushe, ranar wata Talata da hantsi, ina Gozaki wajen taron manoma, wayata a kashe. Da kaka ni na tsaya aka karya masarar. Kunya shidan nan ta gefen rafi ba a zuba musu taki ba, kamar yadda ya ce, kuma ba su ba da komai ba sai kara. Inna ta ce a ɗebi buhu biyu a kai wa mutanen da suka yi masa wanka.